Likita Ya Yi Nasa, Saura Malami

 Sharhinmu na yau zai kai mu yammacin jihar Zamfara, ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi. Magana ce a kan wani ma'aikaci da ba kasafai ake jin sunansa a bakin 'yan siyasa ko a wajen rabon kasafin kuɗi ba, wato malamin da aka horar domin koyar da yara masu buƙata ta musamman. Wane ne shi, mene ne aikinsa, wane karatu ya kamata ya yi, kuma me ya sa wannan yanki ya fi kusan ko'ina a Najeriya buƙatarsa?

Amsar tambaya ta ƙarshe tana cikin abin da ya faru a shekarar 2010. A watan Maris na wannan shekara ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, wato MSF, suna zagayen bibiyar cutar sanƙarau, sai suka tarar da ƙananan yara suna mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai kama amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi aiki ba. Da aka aika jinin yaran ɗakin gwaji a Turai, sai sakamako ya dawo da sunan da a yau kowa ya sani a Zamfara: gubar dalma.

Yadda abin ya shigo gida ma kowa ya sani. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, maza suka riƙa ɗauko dutse daga ramuka a buhuna, ana niƙawa a injin niƙa irin na hatsi, mata na dakawa a turmi, ana shanyawa a tsakar gida. Dutsen nan yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ƙurar ta sauka a ƙasar da jariri ke rarrafe, daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Binciken da masana na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Na'urar gwajin jini da ake yawo da ita tana tsayawa ne a kan 65, amma yara da yawa gubar da ke jikinsu ta wuce abin da na'urar ke iya karantawa. Gaba ɗaya yara fiye da 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceto ne ga iyayensu.

Duniya ta kawo ɗauki, kuma gaskiya an yi aiki. An kankare ƙasa mai guba daga gidaje an zuba sabuwa a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin aikin. An buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, an ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. A farkon 2022 MSF ta miƙa wannan aiki ga gwamnatin jihar Zamfara bayan fiye da shekara goma sha ɗaya.

To, masu sauraro, ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Maganin nan yana rage gubar da ke cikin jini, yana ceton rai. Amma likitoci sun faɗa tun farko cewa ba ya gyara ɓarnar da dalma ta riga ta yi a ƙwaƙwalwar yaro. Wasu yaran sun tashi daga jinya ba sa gani, wasu ba sa ji, wasu farfaɗiya ta zauna musu. Waɗannan su ne ake gani da ido. Akwai kuma waɗanda suka fi su yawa, waɗanda idan ka gan su lafiya ƙalau suke, suna gudu suna wasa, sai an zaunar da su a aji matsalar take bayyana. A koya masa yau, gobe ya manta. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ga saurin fushi. A aike shi abu uku, ya dawo da ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, komai ƙanƙantarsa. Injiniya ya zo ya gyara ƙasa, likita ya zo ya gyara jini. Ma'aikaci na uku da ya kamata ya biyo bayansu shi ne malamin da ya san yadda ake koyar da irin wannan yaro, kuma shi ne har yau aka fi ƙarancinsa.

Kada wani a Gummi ya ce wannan matsalar masu haƙar zinariya ce. Annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017 daga Zamfara ta taso, kuma Zamfara ce ta fi shan wahalarta, a annobar da ta kama mutum fiye da dubu 14 ta kashe fiye da 1,100 a faɗin ƙasa. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka warke daga sanƙarau yakan bar musu tabo, kuma kurumta tana cikin waɗanda suka fi yawa. Ƙyanda tana makantarwa. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yana taɓa ƙwaƙwalwa. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba suna barin yaro da shanyewar gaɓoɓi. Tamowa, wadda ta sa asibitin Gummi ke cika da yara duk damina, tana hana ƙwaƙwalwa girma yadda ya kamata. Ƙara da yaran da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, waɗanda suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Duk waɗannan yara suna nan, ko dai a bayan aji ko a cikin gida ko a bakin kasuwa da ƙoƙon bara.

Me muke kiran su? Daƙiƙi. Dolo. Mai taurin kai. Idan abin ya haɗa da faɗuwa sai a ce shafar aljanu ce. Malami mai ɗalibai tamanin ko ɗari a aji ɗaya, wanda bai taɓa samun horo a kan wannan ba, abin da ya fi kusa da hannunsa bulala ce. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai, domin ba a ba shi wani makami ba. Amma ku duba abin da ke faruwa da yaron: ana dukansa a kan abin da ba ya da iko a kai, yara na yi masa dariya, wata rana sai ya ƙi zuwa, uban kuma ya ce dama kansa ba ya ja, a bar shi ya je gona ko ya bi 'yan uwansa ramin zinariya, wurin da ya fara jawo masa matsalar.

Aikin farko na malamin ilimi na musamman shi ne ganewa. Shi ne zai bambance yaron da ba ya ji sosai da yaron da ke ji amma bai fahimta ba, da wanda ya fahimta amma ba ya riƙewa, da wanda allon ne kawai ba ya gani daga inda yake zaune. A idon wanda bai sani ba duk ɗaya suke, duk ba sa gane karatu. A wajen wanda ya sani kuwa, matsala huɗu ce, kowace da hanyarta. Zai zauna da uwa ya tambaye ta yadda aka haifi yaron, yaushe ya fara zama, yaushe ya fara magana, ko ya taɓa jijjiga, ko ya sha maganin dalma. Zai tsaya a bayan yaron ya kira sunansa a hankali ya ga ko zai waiwayo. Abin da ya fi ƙarfinsa zai tura asibiti, domin shi ba likita ba ne, kuma malamin kirki ya san iyakarsa.

Daga nan sai ya tsara wa yaron karatunsa shi kaɗai, a rubuce: ga inda yake yau, ga inda muke so ya kai nan da wata uku, ga hanyar da za mu bi. Ku ɗauki yaron da dalma ta taɓa wa riƙo. Ba a ba shi darasin minti arba'in a dunƙule. Ana gutsura masa, umarni ɗaya a lokaci guda, a maimaita yau a maimaita gobe, a yi lissafi da tsakuwa ko ƙwayar wake da zai taɓa da hannunsa, a zaunar da shi gaba nesa da taga, a bar shi ya miƙe ya motsa kafin a ci gaba, a yabe shi nan take idan ya yi daidai. Abin yana da sauƙin faɗi, amma yinsa kullum, da lura da abin da ke aiki da wanda ba ya aiki, da rubuta ci gaban yaro mako bayan mako, wannan ilimi ne da ake koya a makaranta. Kuma gwargwadon yadda aka fara da wuri, gwargwadon abin da ake samu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga makaho kuwa, malamin zai koya masa rubutun makafi, wanda Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙiro da ɗigo shida da ake shafawa da yatsa. Da shi ake rubuta Hausa da Turanci da lissafi, har Alƙur'ani mai girma akwai shi a wannan rubutu. Zai koya masa tafiya da sanda shi kaɗai daga gida zuwa masallaci, yadda ba sai an cire ƙaninsa daga makaranta ya zama ɗan jagora ba. Ku lura da wannan, domin sau da yawa makaho ɗaya da ba a koyar ba yara biyu ne suka rasa karatu.

Batun kurame ya fi buƙatar a yi masa bayani. Kuramen ƙasar Hausa suna da yarensu tun kafin zuwan boko, maganar hannu, wadda wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta yi nazarinta ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame kuwa ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, baƙar fatan Amurka kuma kurma, wanda ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Yaron da ya taso a Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas da maganar hannun gidansu zai zo. Malamin da ya dace da shi shi ne wanda ya iya ta makaranta, ya kuma girmama ta gida, ya mai da ita gada. Sannan ya koya wa uwa da 'yan uwa, don kada yaro ya koyi yare a makaranta ya dawo gida ba mai amsa masa.

Wane karatu ne ke samar da irin wannan malami? Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, karatun shekara uku, kuma ga wannan aiki dole ta kasance a fannin ilimi na musamman. Babbar cibiyar wannan horo ita ce Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke garin Oyo, wadda aka kafa a 1977. Akwai kuma digiri a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos da ta Ibadan. Ɗalibi yakan zaɓi ɓangaren da zai ƙware: koyar da kurame, ko makafi, ko masu jinkirin fahimta, ko masu wahalar karatu da rubutu, ko masu lalurar gaɓoɓi, har da yara masu hazaƙa ta daban, domin su ma ajin gama-gari yana tauye su. Zai yi koyarwar gwaji a gaban irin yaran da zai koyar, sannan ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN. Taron bita na kwana uku a otal yana da amfaninsa, yana buɗe wa malamin aji ido, amma ba ya mai da mutum ƙwararre, kuma bai kamata a riƙa ƙirga mahalarta bita a matsayin malaman ilimi na musamman ba.

Bayan takarda akwai abin da wannan yanki yake buƙata a kansa. Dole malamin ya ji Hausa irin ta mutanen wurin, idan da hali har da Fulatanci. Dole ya san alamun gubar dalma da abin da ake yi idan yaro ya faɗi da farfaɗiya: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. Dole a samu mata a cikinsu, domin mace ce za ta shiga cikin gida ta ga yarinyar da aka ɓoye a ɗaki saboda kunya, kuma 'ya mace mai lalura ta fi kowa fuskantar haɗarin cin zarafi. Sai haƙuri da tsoron Allah, domin yawancin ɗalibansa ba za su iya kai ƙara ba idan an zalunce su. Amma ina roƙon masu ɗaukar ma'aikata kada su ce tausayi ya wadatar. Tausayi ba ya koya wa yaro karanta ɗigo shida.

Wani zai ce ai akwai makarantar masu buƙata ta musamman a Gusau, akwai ta A.A. Raji a Sakkwato, akwai ta Tudun Maliki a Kano. Haka ne, kuma malamansu suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma ku tambayi uwa a ƙauyen Bukkuyum ko za ta ɗauki ɗanta kurma mai shekara shida ta kai shi makarantar kwana a Gusau, a wannan hali na rashin tsaron hanya, bayan sace ɗalibai mata da aka yi a makarantar kwana ta Jangebe a watan Fabrairun 2021. Makaranta ɗaya a babban birni ba za ta ɗauki ƙananan hukumomi 14 ba. Malamin ne zai je inda yaron yake.

Doka ma haka ta ce. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su, tare da kayan aikin da suka dace. A cikin kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, akwai kashi 2 cikin ɗari da aka keɓe wa ilimi na musamman. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban 2023. Saboda haka abin da muke nema ba sadaka ba ne. Haƙƙi ne da yake rubuce.

A birnin Flint na Amurka, inda dalma ta gurɓata ruwan famfo tun daga 2014, iyaye sun kai hukumomin ilimi kotu, kuma sasantawar da aka yi ta tilasta ware miliyoyin daloli domin a tantance yaran a kuma ƙara musu tallafin ilimi na musamman. Gubar da yaran Flint suka sha ba ta kai kusa da ta yaran Dareta da Bagega ba. Su can sun gane cewa gyaran famfo rabin aiki ne.

Hanyar da nake gani mai yiwuwa ba ta fi ƙarfinmu ba. Kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan ta zaɓo 'ya'yanta, maza da mata, daga cikin malaman da suke aji yanzu da matasan da suka gama sakandare, a ɗauki nauyin karatunsu a Kano ko Oyo ko Jos, da sharaɗin za su dawo gida su yi aiki na wasu shekaru. Ɗan gari ya fi zama, ya san hanya, kuma an san gidansu. A sa makafi da kurame masu ilimi a gaba a wannan zaɓe, domin kurman malami a gaban aji hujja ce da babu uban da zai musa. Kafin su kammala, a fara da malami mai zagaye, wanda zai riƙe makarantu huɗu ko biyar da ke kusa da juna, yana duba yaran yana nuna wa malaman aji yadda za su yi, kamar yadda ake yi a Kenya da Malawi, a ba shi babur da alawus. A ware ɗaki guda a babbar firamare ta Anka da ta Gummi da ta Bukkuyum, a zuba allunan rubutun makafi da sanduna da littattafai masu manyan haruffa. Kwalejin Ilimi ta Maru da ta 'yan mata da ke Gusau su tabbatar duk ɗalibin da zai fita ya san alamun farko. Idan kuma an horar da mutum, kada a mai da shi ofis yana cike takardu, ko a tura shi koyar da darasin da kowa zai iya. Wannan asara ce da ake yawan yi.

Yaran 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun kai munzalin aure. Firamare ta wuce su, amma koyo bai wuce su ba. Su ma aikin wannan malami ya shafe su: karatun manya a hankali, ƙirga kuɗi, ɗinki, kiwo, gyaran babur, sana'ar da za ta raba su da ƙurar dutse. Sunayensu suna nan a rajistar jinya, ba sai an yi wahalar nemansu ba.

Iyayenmu sarakuna na Anka da Gummi da Bukkuyum, Allah ya ƙara muku lafiya, kalmarku ɗaya ga hakimai da dagatai ta isa a ƙirga yaran nan unguwa-unguwa. Malamanmu na addini, Allah ya gafarta muku, kun fi mu sanin dalilin saukar Suratu Abasa, da matsayin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi, ya zama ladani, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa barin shi a kan Madina idan zai yi tafiya. Ku faɗa wa jama'a wannan a kan mumbari. Shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi, ku sa gurbin malamin ilimi na musamman a ɗaukar ma'aikata mai zuwa, da suna da adadi. Kai kuma ɗan uwa mai saurare, ke kuma 'yar uwa, idan akwai yaro a gidanku da ake cewa kansa ba ya ja, a ajiye bulala, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa da jininsa, sannan a je wajen hedimasta a tambaye shi wane malami ne aka horar domin wannan yaro. Idan ya ce babu, a kai maganar kwamitin makaranta, a rubuta, a tura wa sakataren ilimi.